Kauri da Ƙauri

A ƙauyenmu can wajen Miga, in za ka sayi igiyar ɗaure bijimi, kaurinta kake dubawa. Da wannan ilimin na zo Dutse, na fara sana'ar guga a zauren wani Alhaji a Yalwawa. Ranar da wayar dutsen gugata ta tsinke daga gindi, na je kanti na ce a yanko mini wadda ta fi kowacce kauri.

Baƙa ce, ta kai ɗan yatsana, ga taurin kai. In na kai dutse hannun riga, sai ta janyo shi baya. Na ce ai ƙarfi ne. A kwana na huɗu ta ɗauki zafi, robar ta narke, hayaƙi ya cika zaure.

Alhaji ya fito ba ko hula.

"Malam, iyalina suna cikin gidan nan. In na sake jin wannan ƙauri, ka nemi wani zauren."

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji."

Ba ni da wani zauren. Da la'asar na tafi ajinmu na yaƙi da jahilci da guntun wayar a aljihu. Malaminmu ya ce kowa ya rubuta abin da ya same shi yau. Na yi ta fama har na rubuta: Alhaji ya ji kauri. Malamin ya karanta, ya yi dariya.

"Baba, ka manta lanƙwasar kan harafin. Kauri ka sayo, ƙauri Alhaji ya ji."

Aka yi ta dariya, har da ni. Na gyara, sannan na miƙa masa guntun. Ya fere shi da reza. Duk ƙibar nan roba ce, jan ƙarfen ciki 'yan sirara ne kamar gashin masara. Ya nuna mini wasu ƙananan lambobi a jikin robar, waɗanda na ɗauka ado ne. Su ke faɗin girman ƙarfen ciki, ya ce, kuma dutsen guga mai cin wuta ne.

Mako guda ban kunna wuta ba. Na koma dutsen gawayi, ina bitar lambobin a bayan kwali.

Da na koma kanti, mai kanti ya sake janyo baƙar.

"Ga irin taka, Baba."

"Ajiye. Juyo mini waccan in karanta."

"Yau kuma boko aka zo da shi?"

Na karanta a hankali, da yatsa, ina gumi, mutane na jira a bayana. Na sa ya fere bakinta na ga ƙarfen da idona. Na naɗe ta a hannu, ta bi kamar zare.

Na yi guga tun hantsi har azahar. Alhaji ya dawo daga masallaci, ya tsaya, ya sunkuya ya kama wayar, ya daɗe riƙe da ita. Ba ta ɗauki zafi ba. Ya shiga gida, ya fito da manyan riguna biyu.

"Ta Juma'a ce farar. Kada ka ƙona mini aiki."