Gurbin da Ƙawata Ta Ƙi Cikewa

A jami'ar da na yi karatu a Dutse akwai wata ƙungiya ta haziƙan ɗalibai, wadda ba a shigarta don mutum yana so, sai an zaɓe shi. Duk shekara ana ɗaukar ɗalibi ɗaya daga kowane sashe, cikin 'yan ajin kusa da na ƙarshe. Da farko sai makinka ya kai, sannan a aiko maka da fom, sannan kwamiti ya zauna da kai. Mu ɗalibai mun iya raina abin da ba mu samu ba, muna kiransu 'yan gaban allo, amma kowa ya san amfanin abin. Idan sashe zai riƙe wani ya zama ƙaramin malami bayan bautar ƙasa, sunan ɗan ƙungiya ake fara dubawa. Ni kuwa tun ina aji ɗaya na ƙwallafa raina a kan aikin nan.

A sashenmu na lissafi mu biyu aka aiko wa fom a shekararmu, ni da ƙawata, wadda muke ɗaki ɗaya tun ranar da muka shigo. 'Yar wata ruga ce a bayan Miga, babanta, wanda take kira Baffa, makiyayi ne da ya zauna wuri ɗaya ya haɗa da noma. Ni 'yar cikin Dutse ce, babana ma'aikacin gwamnati, kuma Allah ya yi ni da baki. Ita idan ta yi magana uku a yini to ranar ta yi surutu. Makinta ya ɗan fi nawa, kuma gara in faɗa tun yanzu, ba da ƙoƙari kaɗai ta fi ni ba, kanta ya fi nawa ja. Abin da zan yi sati ina fama da shi, ita sai ta kalle shi tana tsintar shinkafa ta ce, "Ai nan kika ɓata."

Duk ranar Asabar da hantsi tana koya wa 'yan aji ɗaya lissafi a ƙarƙashin wata darbejiya da ke bayan ɗakunan kwananmu. Ba wanda ya sa ta. Wata yarinya ta gani tana kuka bayan gwaji, ta zaunar da ita, sati na gaba yarinyar ta zo da wasu biyu, kafin zangon ya ƙare tabarma huɗu ba ta isarsu. Nawa aikin a ciki shi ne allo. Wani tsohon allo ne da aka jingine a bayan gidanmu, na ɗora shi a adaidaita sahu na kawo, na yi ta faɗa da direban a hanya don ya ce zai yaga masa rumfa. Ina goge allon, ina tsawata wa masu surutu, wannan kam na iya. Sau ɗaya na karɓi alli da ta je gida, na shiga wani lissafi na kasa fita, sai da na ce wa yaran su je su yi tunani a kai.

Fom ɗin shafi biyu ne. Bayan maki da sa hannun shugaban sashe, akwai wani faffaɗan gurbi da aka ce mutum ya rubuta hidimar da ya yi wa jama'a. Wata ranar Laraba bayan la'asar muka baje a tabarma muna cikewa, ga ƙwaryar fura da aka aiko mata daga gida a tsakaninmu. Na leƙa nata, na ga ta tsallake gurbin ta sa hannu a ƙasa.

Na ce, "Ke, kin manta nan."

Ta ce, "Ban manta ba."

"To me ye nufinki? Darasin Asabar ɗin fa, aljanu ne suke yi?"

Ta ɗan yi murmushi tana juya ludayi. Ta ce, "Baffa ya hana mu. Ya ce in ka yi abu don Allah, ka koma ka rubuta shi da hannunka don a yaba maka, to ka riga ka karɓi ladanka a nan. Kuma ni wallahi kunya nake ji. Ta yaya zan zauna in ce ni na yi kaza, ni na yi kaza?"

Raina ya ɓaci, na yi mata tas. Na ce nan jami'a ce ba ruga ba, ba wanda zai bi ta da fitila yana neman alherinta, kunyar nan tata wata rana sai ta hana ta cin abinci. Ta saurare ni kamar yadda ta saba. Shekaru da yawa ina kafa hujja da faɗan nan, ina ce wa kaina ai na gaya mata. Amma na san halinta. Ba ta taɓa jure min magiya sau biyu ba, ko a kan zuwa kasuwa ne. Sau ɗaya na faɗa, na ja bakina, kuma ina sane na ja shi.

Akwai abin da ya fi wannan. A bayan fom ɗin an bar wasu layuka, an ce idan wani ɗalibi ko malami yana da shaidar da zai bayar a kan mai fom, ya rubuta ya sa hannu. Na gani, na karanta har sau biyu. Layi uku daga hannuna sun isa, kuma Baffanta bai hana wani ya faɗa ba. Na kife nawa fom ɗin a kan nata, na ce furar ta yi tsami.

Washegari a ɗakin karatu, inda ba ta nan, na cike nawa gurbin. Na rubuta cewa na kafa darasin Asabar kyauta don 'yan aji ɗaya. Na daɗe a kan kalmar "kafa". Na ce wa kaina ai ni na kawo allo, ni nake tsara zama, ban ce ni nake koyarwa ba. Haka na yi ta lallashin kaina har biro ya gama aikinsa.

Ranar ganawa da kwamiti, malamai uku ne da tsofaffin 'yan ƙungiya biyu. Shugabansu wani dattijon malaminmu ne mai farin gemu, wanda ba ya ɗaga murya amma kowa yana shakkarsa. Ya karanta fom ɗina, ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, "Wannan darasin, ke kaɗai kike yi?"

Na ce, "A'a, Malam, akwai masu taimaka min."

Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Da na fito na tarar da ƙawata a kan benci tana jiran a kira ta. Ta tambaye ni yaya, na ce da sauƙi, na gyara mata bakin hijabinta da ya karkace.

Bayan sati biyu aka liƙa sunaye, nawa ne ya fito a sashenmu. Ita ta fara gani, ta dawo ɗaki da sauri har tana haki, ta rungume ni. Ranar rantsar da mu ita ta goge min kaya, ita ta riƙe min jaka, da aka kira sunana na ji tafinta daban a cikin na mutane. Babana ya yanka kaji, mamata ta cika mata kwano tana cewa, "'Yata, ke ma Allah ya kawo naki." Ta ce amin, ta ci abincinta. Ni ce na kasa ci, na ce kaina ke ciwo.

Abin kunyar shi ne daga nan na fara jin haushinta. In ta gaishe ni da fara'a sai in ji kamar gori take min. In ta tambaye ni me muka yi a taron ƙungiya sai in ce ba komai, surutu ne kawai. Na daina zuwa ƙarƙashin darbejiya, na ce aiki ya min yawa. Wata rana na yi mata masifa a kan bokiti har maƙwabtan ɗaki suka leƙo, ita kuwa ta ba ni haƙuri a kan laifin da ba ta yi ba, abin ya ƙara tunzura ni. Na ƙirƙiro wa kaina wata magana da nake kwana da ita nake tashi da ita, cewa ai ita ba ta damu da irin waɗannan abubuwan ba, mutuniyar Allah ce, duniya ba ta gabanta.

Muka gama. Bayan bautar ƙasa sashe ya riƙe ni, kamar yadda na yi lissafi. Ita ta samu koyarwa a wata makarantar 'yan mata a wajen Jahun, ta yi aure a can. Na je bikin, na je sunan ɗanta na fari, daga nan zumuncin ya koma gaisuwar salla a waya. Tsakanin Dutse da Jahun ba wata tafiya ba ce, amma kullum ina da uzuri.

Bara aka sa ni a kwamitin zaɓen ƙungiyar. Dattijon malamin nan mai farin gemu yana dab da ritaya, ya kira ni ofishinsa don ya nuna min yadda ake aikin. Ya ce maki ba ya ba su wahala, takarda ce. Gurbin hidima ne ake cika shi da ƙarya, don haka kada in taɓa yarda da abin da ke rubuce sai na bi sawu.

Ya ce, "Ke ma ai sai da na bi naki."

Na ce, "Nawa, Malam?"

"Naki. Na ji yaran aji ɗaya suna ambaton wata, ba ke ba. Sai na kira abokiyar zamanki, ita kaɗai, a nan inda kike zaune. Na karanta mata abin da kika rubuta, na ce gaskiya ne? Ta ce gaskiya ne. Na ce to ke fa, me kike yi a wurin? Ta ce taimaka miki take yi." Ya mayar da tabaransa. "Ban gamsu ba. Amma mai abu ta ce ba nata ba ne, me zan yi? Da ta ce min ita ce, da ba ki shiga ba."

Ya ci gaba da nuna min fayiloli. Ban san ko tuhuma ce ko labari kawai yake ba ni ba, kuma ban iya tambaya ba.

Ranar Asabar na shiga motar Jahun. Na sami ƙawata a gida tana tankaɗe, ta yi ƙiba kaɗan, yara biyu suna rigima a kan wani murfin tukunya. Ta yi murna ƙwarai, ta shimfiɗa min tabarma a inuwa, ta shiga ɗora girki duk da na ce a ƙoshe nake. Na shirya magana tun daga Dutse, mai kai da ƙafa, amma da ta ajiye min kwanon dambu ta zauna sai duk ta watse. Na ce mata kawai Malam ya gaya min.

Ta gyara zama. Sannan ta ce, "Allah sarki Malam. Ashe bai manta ba."

Na ce, "Don Allah me ya sa kika rufa min asiri? Ai da kin faɗa masa gaskiya."

"In ce ƙawata maƙaryaciya ce? A gabansa?" Ta girgiza kai. "Ban iya ba. Amma ƙaryar nan da na yi masa ta daɗe tana damuna, har yau ina neman gafara a kanta."

Na fara kuka, irin kukan da ni kaina na ji haushinsa, don ko a nan ma ita ce za ta lallashe ni. Na ce ta yafe min. Kuma don bakina ba ya mutuwa, sai na ƙara da maganar nan da na daɗe ina riƙe da ita. Na ce na ɗauka ba ta damu da ƙungiyar ba.

Ta ɗago ta dube ni sosai, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba.

Ta ce, "Wa ya ce miki? Na so aikin nan. Wallahi na so shi, har mafarkinsa nake yi. Ni dai ba zan iya faɗa da bakina ba ne. Na zaci ke za ki faɗa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yafe min tun tuni, kada in sa abin a raina, yaran da take koyarwa ma suna da daɗin sha'ani. Ƙaramin ɗanta ya zo ya faɗa jikinta, ta share masa hanci da bakin zani. Sannan ta turo min kwanon ta ce in ci kafin ya huce. Na sa hannu na ci, tana zaune tana kallona, har ta ƙara min mai.