Ban Taɓa Yar da Bahon Ba

Shekarun baya, lokacin da 'yata ta buɗe wannan shafi nata na sharhin littattafai, ni ce kunnenta. A nan Jidda na haife ta, da Larabci ta yi makaranta, Hausar boko ba ta shiga kanta sai ta karanta da ƙarfi. To wa za ta karanta wa in ba ni ba? Ko sunana ban iya rubutawa ba, yanzu ma faɗa nake yi tana rubutawa. Amma tun ina budurwa, in na buɗe baki a gidan biki, mai tuƙa tuwo sai ta bar shi ya kama. In ta dawo daga aiki sai mu dafa shayi bayan la'asar, ita da waya a hannu, ni ina yanke hukunci. Duk inda marubuciya ta ɓoye mugu, kafin a kai rabi na tono shi.

Wata rana wata sabuwar marubuciya ta turo mata littafi kyauta, irin na soyayyar nan mai sa faɗuwar gaba, tana roƙon a duba a gaya wa mutane. 'Yata ta sa hoton bangonsa a shafi, ta yi alkawarin sharhi ranar Juma'a.

Labarin wata bazawara ce mai sayar da abinci a bakin tashar jiragen ruwa, da wani ɗan dako da kullum yake sayen shinkafa da wake a wurinta, ba ya iya haɗa ido da ita. Wani sito ya kama da wuta, mai siton ya ɗora wa ɗan dakon laifin, yaransa suka bazama nemansa. Bazawarar ta ɓoye shi a ɗakin gawayi a saman soro. Na ce, "Madalla, yarinyar nan ta iya." Washegari sai muka zo inda ƙawar bazawarar, wata mai wushirya mai shegen surutu, take kai masa abinci a ƙarƙashin jiƙaƙƙun kaya cikin bahon wanki, kamar mai zuwa shanya. In an rataya jan zane a taga, hanya lafiya.

Shayi ya sarƙe ni.

Jama'a, ni ce mai wushiryar. Bazawarar aminiyata ce, 'yar Hausawan Sudan, da muka zauna gida ɗaya a unguwar Ammariyya muna da ƙuruciya. Ɗan dakon daga baya gaskiya ta wanke shi, ya aure ta, suka hayayyafa, har Allah ya karɓi abinsa. Amma ba wanda ya san ya yi kwanaki a saman soronta kafin a ɗaura aure. Ba abin da ya faru, ni shaida ce, amma je ki gaya wa bakin mutane haka. Rantsuwa na yi mata ba zan faɗa ba. Mu uku muka sani, ɗaya yana kabari. In magana ta fita, ta bakin wa za a ce? Duk garin nan an san bakina.

Kuma matan unguwarmu suna bin shafin. In 'yata ta yaba, za su saya su karanta wa iyayensu mata, tsofaffin nan kuwa ba su manta tagar da jan zane yake yini ba.

Na ce, "Rufe. Littafin nan ba gishiri. Kada ki yi sharhinsa."

Ta ce, "Ya Ummi! Ke da jiya kika hana ni tashi in sha ruwa?"

"Jiya jiya ce."

"Na riga na sanar, mata suna jira. In na yi shiru, yarinyar za ta ce na raina ta, littafinta na farko ne fa. In na kushe na yi ƙarya, kuma ke kika ce ranar da na yi ƙarya a shafin nan in rufe shi. Tayyib, na ji, faɗa min dalili, halas, shi ke nan, sai in bari."

Dalilin shi ne abin da ba zan iya faɗa ba. Sai na hau hura shayin da ya riga ya huce.

Da safe na ce ta kai ni unguwar Abhur, can arewacin Jidda, inda aminiyata take zaune wurin ɗanta mai tuƙa wa wasu Larabawa mota. Na ce wa 'yata ta jira a waje. Na same ta a tsakar gida tana tsinkar lalo.

Ta ce, "A'a! Bakatsiniya, hanya kika ɓata?"

Ban ko zauna ba na ce, "Hajiya, an saka ki a littafi. Soron, gawayin, jan zanen, duka. Wallahi tallahi ba ta bakina ba. Ko 'yar cikina ban gaya wa ba."

Ta ɗago ta dube ni, hannunta bai daina tsinka ba. "Kin kai inda kika yar da bahon?"

"Wane baho?"

"Ashe ba ki gama ba." Sai ta kwashe da dariya har tana tari. "Zauna, kafin ki faɗi a ce ni na kashe ki. Jikata ce ta rubuta, wadda take aure a Nijar. Ni na ba ta da bakina. Bayan rasuwar Alhaji na tara 'ya'yana na gaya musu komai. Jikokinsa sun san shi tsoho ne mai tari da carbi. Ina so su san akwai ranar da wata ta yi kasadar mutuncinta dominsa. Masu bakin da nake tsoro, rabi sun mutu, rabi ba haƙora."

Na zauna a kan tabarma. Na ce, "To me ya hana ki gaya min?"

"Ni na ce ta tura wa 'yarki, na san a kunnenki zai sauka. Yaushe rabonki da ƙofata? Sai waya, sai waya. Na ce bari in ga abin da zai taso ki." Ta tura min tiren lalon. "Yalla, maza sa hannu. Rantsuwar kuma na sauke miki. Je ki ba da labari, na san shekara da shekaru yana cin ki."

Yana ci na kuwa. Mafi daɗin labarin da na mallaka, shi kaɗai ne ban taɓa bayarwa ba. Na leƙa na kira 'yata, ita ta fara ji, a nan kan tabarma, aminiyata tana gyara min inda na ƙara gishiri.

Sharhi ya fita ranar Juma'a. 'Yata ta rubuta gaskiya: littafin da daɗi, amma tsakiyarsa ta yi tsawo, kuma ta sanar cewa marubuciyar jikar aminiyar mahaifiyarta ce, kowa ya auna da kansa. Yarinyar ta yi fushin kwana biyu a kan maganar tsawon, daga baya ta turo na biyu.

Har yau in na tuna tsayuwata a tsakar gidan nan ina rantse-rantse, sai in ji sanyi a raina, don da na bi tsorona da na sa 'yata ta binne littafin baiwar Allah a kan sirrin da mai shi ta riga ta saki. Yanzu ba na bari wata ya wuce ban je Abhur ba.

Saura gyara ɗaya. A littafin, wai mai wushirya ta yi kiciɓis da yaran mai sito a kan matakala, ta firgita, baho ya suɓuce, tukunya ta gangara. Jikar ta ce don gaban mai karatu ya faɗi ta ƙara. To ku da kuka karanta ku ji daga bakin mai shi: na gamu da su, gaskiya ne. Na gaishe su, na tambayi lafiyar iyayensu, na cika su da surutu har suka matsa min hanya. Bahon yana kaina.