Mai-Sawu Ya Ajiye Sanda

Kafin a saki dabbobi su tattake hanya, Mai-Sawu ya riga ya zaga gari. Sanda a hannu, kai a sunkuye, yana duba gindin katanga da bayan rumbuna. Shekara ashirin da bakwai yana wannan zagaye, ba kaki ba albashi. Ofishin 'yan sandanmu ɗaki biyu ne, da kofur ɗaya, da babur ɗin da ba ya tashi sai an tura. In aka yi ɓarna, Mai-Sawu ne kofur yake fara nema.

Wanda bai ga shekarar da aka yi ta fasa gidaje ba, ba zai gane ba. Da rana tsaka ake shiga, mutane suna gona. Maƙwabci ya koma kallon maƙwabci da wutsiyar ido. Ranar da aka shiga gidan tela, matarsa tana ciki. Suka ɗaure ta da igiyar shanya, suka kwashe keken ɗinki da hatsi. Har yau in an buga ƙofa da ƙarfi sai jikinta ya ɗauki rawa.

Mai-Sawu ya daɗe a tsugune a ƙofar gidan, sannan ya ce wa kofur, "Su uku ne. Ɗaya yana jan ƙafar hagu."

Washegari ya tarar da wuƙa a soke a ƙyauren ɗakinsa. Matarsa ta riƙe masa riga. "Malam, don Allah ka bari. In suka kashe ka, wa zai riƙe mana yaran nan?"

"Ni ma tsoron nake ji," in ji shi. "Amma sun san na gani. Ko na zauna ba za su ƙyale ni ba."

Shi da kofur da manoma shida suka bi sawun har wani kango a bayan rafi. Daga cikin ciyawa suna jin muryoyin ɓarayin. Kofur ya matso ya raɗa masa, "Baba, harsashi biyu ne fa a bindigar nan."

"To kar ka gaya wa kowa. Da ma ni ma ba ka gaya mini ba."

Manoma suka so su afka, Mai-Sawu ya hana. Ya sa kofur ya buga waya, suka kwanta rub da ciki wajen awa huɗu, har motar 'yan sanda ta iso. Aka kama biyu, ba a rasa rai ba. Mai jan ƙafar ya tsere, ba a same shi ba har yau. Tun daga ranar, ƙofar gidansa Mai-Sawu yake fara dubawa kowace safiya.

Mai-Sawu, kai ne ka shiga gaba alhali kana jin tsoro. Kai ne ka hana a daki wanda ake zargi sai an kai shi hannun hukuma. Idon gari, mun gode. Allah Ya saka maka da alheri.

Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, ba ya bambance sawun akuya da na tunkiya. Gari ya fara tsarguwa, ana ta sayen sababbin kwaɗunan ƙofa. Jama'a, kwaɗo ba ya bin ɓarawo. Mai-Sawu ya ce duk mai son koyo ya zo, zai kama hannunsa ya nuna masa ƙasa. Tabarma na nan a shimfiɗe a ƙofar gidansa. Zuwa yanzu mutum biyu ne suka je. Ku tashi ku je, tun yana da ƙarfin tsugunawa.