Yaya Iliya Ya Tafi Bariki

Ranar Laraba da safe rigimarmu ni da Yaya Iliya a kan albasa ce. Ya yanka ta manya-manya cikin ƙwai, na ce wannan ba girki ba ne, aikin kafinta ne. Ya ce in ci ko in bari. Na ci. Shi yana shekarar ƙarshe a karatun likita, ni ina koyon aikin jinya, a wani gari na gabashin Yukiren. Ɗakuna biyu muka kama a hawa na huɗu. Ƙofarmu na kallon ta wata tsohuwa da muke kira Kaka.

Makonni ke nan rediyo ba ta da zance sai Rasha da Amurka. Rasha ta jibge sojoji a bakin iyaka, Amurka ta yi gargaɗi. Kaka ta ce tun tana 'yar makaranta a zamanin kwaminis ake tsorata su da bam ɗin 'yan jari-hujja, ga shi har haƙoranta sun zube bai iso ba. Muka yi dariya. Mu 'yan Jos ne, a ganinmu babu mai koya mana rikici.

Washegari, biyar saura na asuba, taga ta girgiza. Ba ƙarar bindigar da na sani ba ce. Daga ƙasa take tasowa, ta bi ƙafafun gado ta shiga ƙirji. Ta biyu ta sa motocin layinmu kuka gaba ɗaya. Sai jiniya.

Ƙarfe bakwai Mama ta kira daga Jos. Muryarta ba ta rawa, don ta saba. Sau uku rikici ya kore mu daga gida muna yara, sau ukun kuma barikin soja ta kai mu, tabarma a ka, tukunya a hannu. A can muka kwana lafiya, unguwa na ci da wuta. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san wannan: in gari ya rikice, ka nufi inda soja yake. Ta tambaya ko akwai bariki kusa. Yaya ya ce akwai, bayan gada. Ta ce, "To me kuke jira? Kai ƙanwarka."

Kaka ta tare mu a matakala, da bargo a kafaɗa. Da ta gane inda muka nufa, sai ta cafke hannuna. "Ƙasa! Ku sauka ƙasa!" Tana nuna ɗakin ƙarƙashin bene inda ake ajiye dankali. Yaya ya leƙa. Duhu, sanyi, ƙofa ɗaya. A garinmu wanda ya ɓuya a ɗaki mai ƙofa ɗaya shi wuta ke ritsawa da shi. Ya ce wannan ai kabari ne. Tsohuwa ta ƙi sakina, shi kuma ba a yi masa tarbiyyar fizge abu daga hannun babba ba. Sai ya raba gardama: in zauna da ita, shi ya je ya ga ko sojojin na karɓar baƙi, ya dawo ya kwashe mu. Ya ɗaure igiyar takalminsa. Ya ce, "Rahila, kada ki cinye biredin."

Ya fita wajen ƙarfe tara. Ɗakin ƙasa ya cika da maƙwabta, ba mai jin Hausa, Turancin ma kaɗan. Wani jariri yana ta tari. Goma da 'yan mintuna ya turo saƙo: ya isa ƙofar barikin, yana jiran a saurare shi. Ina cikin rubuta amsa ƙasa ta ɗaga mu ta ajiye. Ƙura ta zubo daga rufi. Fitila ta mutu. Sau uku a jere, duka daga wajen gada. Wani dattijo ya faɗi kalma ɗaya, mata suka yi alamar gicciye. Ban san kalmar ba, amma Kaka ta ƙi kallona.

Na kira Yaya. Wayar ta yi ƙara har ta katse. Zuwa azahar ta daina shiga.

Da yamma na haura waje, na nufi gada. Gadar na nan. Bayanta babu katanga, babu ƙofa, sai hayaƙi da ƙarafa. Wani soja da jini a kunne ya daka min tsawa. "Koma! Koma baya!" Na ce ɗan'uwana. Ya nuna min hanyar tashar jirgin ƙasa da bakin bindiga.

Kwana biyu na ƙara a ƙasan benen, kunnena a kan duk takun da ya sauko matakala. A na uku Kaka ta cusa min dafaffen dankali a aljihu ta tura ni waje. Ita ta ce ba inda za ta. A tasha aka ce mata da yara tukuna, baƙar fata kuma a ƙarshen layin mata. A tsaye na yi tafiyar, fitilun jirgi a kashe, har gari ya sake wayewa. Daga nan tafiyar ƙasa cikin ƙanƙara zuwa iyaka. Ban ji yatsun ƙafata ba sai a wata ƙasar. Gawar Yaya ba a taɓa samu ba.

Yanzu ina Doha. A gida na ƙarasa karatun. Ina aiki a wani asibiti, ina kwana a unguwar Najma, ɗaki ɗaya da wasu 'yan Filifin uku masu kirki da ba su san na taɓa yin wa ba. Idan motar aiki ta bi ta unguwar Al Thumama, jirgin sama ya sauko ƙasa-ƙasa, ni kaɗai ke sunkuyar da kai. A talabijin ɗin ɗakin hutu har yau manyan ƙasashen nan na nuna wa juna yatsa. Wani ya ce khalas, wato ya isa haka, a mayar da tasha kan ƙwallo. Kewar Yaya tana damuna ƙwarai, kuma babu wanda zan gaya wa da harshen da nake jin ta.

Mu biyu kaɗai Mama ta haifa. Na ce mata a hanya abin ya same shi, kafin gada. Ni kaɗai na ga saƙon nan. Ranar Juma'a, da yake a nan ita ce ranar cocinmu, nakan zauna a matakala in kira ta. Mu yi zancen tsadar masara da ciwon gwiwarta. Can sai ta ɗauko zancen da na san yana tafe.

"Rahila, da ya yi sauri ya kai barikin nan, da yanzu yana raye."

"Haka ne, Mama," in ji ni.