Jan Launin da Na Shafa wa Ladji

Shekarar da satar raguna ta addabi Zongo, unguwarmu a Kwatano, ina koyar da labarin ƙasa a wata makaranta a Gbégamey. Ni kaɗai ne a gidanmu na yi lekol, wato boko, har na ƙare, shi ya sa kowa ke ce mini mushe, yadda ake kiran malamin makaranta da Faransanci, har waɗanda suka goya ni. Sauran 'yan gidan dabba suka sani. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne shugaban masu raguna a turke, wato kasuwar dabbobin unguwa. Yayana kuma, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, yana da nasa igiyoyin a gefen rumfar kawu. Daga arewa ake kawo musu dabbobi a manyan motoci, su sayar wa mutanen Kwatano.

Saura kamar wata guda Babbar Sallah abin ya yi ƙamari. Da wuya gari ya waye wani bai tarar da igiyarsa a yanke ba. Mutane suka daina yarda da juna. Wata Laraba ina dawowa daga makaranta na tarar da dillalai biyu, waɗanda tun ina ƙarami nake ganinsu suna cin tuwo a kwano ɗaya, suna birgima cikin kashin awaki. Ɗaya ya tumɓuke turken ƙarfe ya maka wa ɗayan a gefen kai. Kunnen ya rabu biyu, jini ya wanke masa kafaɗa, bai ma sani ba, yana ta kai duka. Bayan kwana biyu aka ɗaure tsohon da ke gadin turken a jikin ginshiƙin rumfa, aka yi ta zabga masa jiƙaƙƙiyar igiya har ya sume. Da ya farfaɗo, abin da ya faɗa tun farko shi ya maimaita: bai ga kowa ba.

A ranar kawu ya aika aka kira ni. Na same shi zaune a kan buhun dusa, idonsa ja.

Ya ce, "Na je komisariya wajen 'yan sanda sau uku. Sun ce maganar baki ba ta ishe su ba, takarda suke so. Idan ba a yi wani abu ba, mutanen nan za su kashe wani."

Ya miƙo mini wani kaye, littafin rubutu da ya sha hannu. A ciki yake rubuta ƙarar duk wanda ya yi rashi, da ajami: ranar, irin dabbar, inda take ɗaure, da inda aka tsince ta in an tsinta.

"Ka mayar mini da wannan irin abin da 'yan ofis ke ganewa."

Na ce, "To, kawu."

Gaskiya na ji daɗi. Shekaru ina zana wa 'yan makaranta taswirori a allo, ba wanda ya taɓa neman aikina a gida. Na kwashe Asabar da Lahadi a kai, na fitar da takardu huɗu. Ta farko ginshiƙai ne a jere, kowane mako da nasa, suna ƙara tsawo yayin da Sallah ke matsowa. Ta biyu da'ira ce da na yanyanka kamar kankana, babban yanki na raguna, ƙanana na awaki da tumaki. Ta uku taswirar turken ce kanta, da rumfuna da ƙofofi, na ɗiga baƙin ɗigo a duk inda aka kwance dabba. Ta huɗu taswirar unguwannin gari ce, don nuna inda aka tsinci waɗanda aka tsinta.

A ta huɗun na yi laifin. Kowace shekara ina gaya wa ɗalibaina cewa kowace taswira da aikinta. Idan abu ya faru a wuri takamaimai, ɗigo ake sa masa. Shafe unguwa gaba ɗaya da launi kuwa, sai in abin ya game mutanenta ne, ana kwatanta su da na wata unguwa. Na san wannan sarai. Dabbobin da aka tsinta ba su da yawa, kuma akasarinsu a wuri ɗaya aka gan su, ɗaure a bakin ruwa a Ladji, inda jiragen kwale-kwale ke tsayawa. Ɗigo kaɗan a bakin ruwa ya isa. Amma ɗigo ba ya ɗaukar ido, ni kuma ina son a ga aikina tun daga nesa. Na bar Gbégamey fari, na ɗan shafa wa Akpakpa ja mai haske, sannan na danne fensir na cika Ladji da ja wur, daga wannan iyaka zuwa waccan. A ƙasa, da ƙananan haruffan Faransanci, na rubuta cewa launin yana nuna inda aka tsinci dabbobi.

Kawu ya kai kwafi komisariya. Na asalin ya sa aka kafa su a jikin katakon rumfarsa, don mutane su ga ana wani abu.

Litinin da safe na biya ta wurin, na tarar an taru. Ba wanda ya damu da ginshiƙan. Da'irar, wani ya ce ta yi kama da fanke. Taswirar ɗigo ma iska ta naɗe ta, ba wanda ya miƙar. Kowa jan yake kallo.

Yayana ya ce, "Mushe, wannan jan ina ne?"

"Ladji."

"To, ai magana ta ƙare. Mun san gidan ɓarayin."

Na ce, "Ba haka ba ne, yaya. Can aka tsinci dabbobin, ba a ce mutanen can ne suka sata ba. Ga shi a rubuce a ƙasa."

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. "Wa zai tsaya karanta wannan tsutsar rubutun? Hannunka ya riga ya faɗi gaskiya."

Ina iya cire takardar a lokacin. Ƙusa huɗu ce kawai. Amma na makara, ga mai zem yana jirana da injin a kunne, sai na hau babur ɗin na tafi aji.

Asabar da hantsi ina rumfar kawu ina shan koko, shi ya tafi wajen masu motar dabbobi. Wani mutum ya zo wucewa yana jan farin rago mai shuɗin fenti a ƙaho. Dattijo ne siriri, ƙafafunsa duk kaushi irin na masu aikin ruwa. Daga baya na ji masunci ne, ya sayi ragon ne a can ƙarshen turke don bikin cika shekarar rasuwar mahaifiyarsa. Shuɗin fenti kuwa rabin masu raguna shi suke shafawa. Amma yayana ya rasa farin rago mai irin wannan alamar a makon.

Ya tare shi, ya riƙe igiyar. Ya tambaye shi da guntun Faransancinsa inda ya samo. Mutumin ya nuna ƙarshen turke. Aka duba, mai rumfar ba ya nan, ya tafi cin abinci.

"Ina za ka kai shi?"

Mutumin ya ce, "Gida. Ladji."

Ban ga wanda ya fara cewa ɓarawo ba. Marin farko dai na yayana ne, kuma na ji ƙararsa daga inda nake. Mutumin ya saki igiyar ya dafe fuska, wani ya kwashe ƙafafunsa ta baya. Kafin in ajiye kofin, mutane sun rufe shi. Sanduna, igiyoyi, dutsen da ake danne tamfol, bokitin ƙarfe na ban ruwa. Yana ihu da harshensa, yana juyawa zuwa Faransanci yana cewa ya biya, a kira mai rumfar. Wani ya taka masa hannu da takalmi, na ji yatsun sun ƙara. Ya yunƙura zai tashi a kan gwiwa, sai wani mahauci ya kai masa gindin sanda a ido.

Na kutsa ina cewa ku tsaya. Ba wanda ya ji ni. Wani dillali, mutum mai fara'a da yakan ba ni goro, ya fizge taswirar daga jikin katako yana ɗaga ta sama.

"Ga shi a takarda. Mushe da kansa ya rubuta. Duk ɓarayi ne."

Shi ne kuma ya gangaro da tsohuwar taya. Wani ya ruga bakin titi ya ɗauko kwalbar fetur daga teburin masu sayar wa 'yan zem. Da warin man ya buge ni, na ga an zuba wa mutumin a ka yana gangarowa cikin jinin, ban san lokacin da na faɗa kansa ba. Na rungume shi, fuskata a wuyansa. Man ya jiƙa mini riga. Duka ya ci gaba da sauka, yanzu a bayana. Na ɗaga hannun dama don in kare kaina, sanda ta same shi a wuyan hannu, na ji ƙashin ya tafi. Na waiga, na ga yayana ne riƙe da sandar.

Kawu ne ya cece mu. Wani ya buga masa waya, ya iso a guje ba hula. Ya tarar da mai tayar yana ƙoƙarin kunna ashana, ya damƙe hannunsa ya murɗe har akwatin ya faɗi cikin taɓo. Ya tsaya a kanmu ya ce duk wanda zai kunna wuta ya fara da shi. Ana cikin haka mai rumfar ya dawo da man ja a bakinsa, ya ga ragon, ya ga mutumin, ya rantse da Allah shi ya sayar masa, kuma ragon da shi ya zo daga arewa. Sai sandunan suka fara faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da motar polis ta iso, rabin taron ya watse.

Masuncin ya rasa idon hagu. Haƙarƙarinsa ya karye, yatsu uku na hannun dama ba su sake lanƙwasuwa ba. Ni aka yi mini ɗori a hannu. Yayana da mahaucin da wasu aka tsare su.

Da aka kira ni komisariya ba da bayani, jami'in da ke binciken ya baje kwafin takarduna a tebur. Ya ture mai jan launin gefe da bayan hannu, ya jawo taswirar ɗigo.

Ya ce, "Wannan ka duba ta da kyau bayan ka zana?"

Na ce na duba.

"To, me ya sa ɗigon suka taru nan?"

Ya sa bakin biro a bayan turke. Ɗigon sun yi cincirindo kusa da wata ƙaramar ƙofar kwano da ke fita lungu, nesa da inda tsohon mai gadi ke zama. Ni na ɗiga su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, ban lura ba. Ya tambayi wa ke riƙe da mabuɗin ƙofar. Kawu, da ya rako ni, ya faɗa. Dillalin nan ne mai goro, wanda ya kawo taya.

Bai yi gardama sosai ba. Shi da wani surukinsa ke fitar da dabbobin, su kai bakin ruwa, wani mai jirgi da ba ɗan Ladji ba ya haye da su. Ranar da labarin ya iso Zongo, mutanen da suka daki masuncin suka sake ɗaukar sanduna suka nufi gidan dillalin, inda matarsa da 'ya'yansa suke. Sun fasa tagogi da duwatsu, sun karya ƙyauren zaure. Kawu ya zauna a bakin ƙofar ɗakin matar tun azahar har la'asar, dutse ɗaya ya fasa masa goshi, bai tashi ba sai da suka gaji.

Bayan Sallah, da ruwa ya sauka, na je Ladji. Sai da na naɗe wando har gwiwa na bi ta kan buhunan yashi kafin na kai gidan. Na same shi zaune a kan benci, da tsumma a ido, ƙannensa na gyaran koma a gefe. Ya gane ni. Ya ce an gaya masa ni ne na kwanta a kansa, an kuma gaya masa ni ne na yi takardar. Ya ce yana son ya gani. Na zo da kwafi a aljihu, na ba shi. Ya kawo ta kusa da idon da ya rage, ya daɗe yana kallo.

"Ina gidana a nan?"

Na ce taswirar ba ta nuna gidaje.

"Amma yana cikin jan."

"Yana ciki."

"Ka taɓa zuwa unguwar nan kafin yau?"

Na ce ban taɓa ba. Ya ninke takardar ya ajiye a ƙarƙashin cinyarsa. Na fara ba shi haƙuri, matarsa ta fito daga ɗaki ta ce ya isa, in tafi kafin ruwa ya ƙaru. Ƙaninsa ɗaya ya raka ni har bakin titi.

Yayana ya yi zaman gidan yari. Mahaifiyarmu ba ta taɓa cewa laifina ba ne, amma duk tsawon lokacin ba ta ci abinci a gabana ba. Ranar da ya fito, muka haɗu a ɗakinta. Ya rame, gemunsa ya yi fari a gefe. Ya kalli hannuna, wanda ya warke a ɗan karkace.

Ya ce, "Ban san kai ba ne."

Na ce, "Na sani, yaya. Shi masuncin fa?"

Ya sha ruwan da aka kawo masa, ya tambayi mahaifiyarmu lafiyar ƙafarta. Bayan mako biyu ya sayar da igiyoyinsa, ya kwashe iyalinsa ya koma arewa wajen dangin matarsa. Yakan kira mahaifiyarmu ranar Juma'a, wani lokaci ta miƙo mini wayar mu gaisa.