Layin da Bai Yi Ja Ba

A 2008 ni ke riƙe da sunayen masu tarin fuka a wani ƙaramin asibiti a Lafia. Na koya wa kwamfutar ofis wata ƙa'ida da nake ji da ita: duk wanda ranar karɓar maganinsa ta wuce bai zo ba, layinsa ya koma ja. Sai in ba mai babur ɗinmu sunan, ya bi shi har gida. Na cika baki a kan abin nan har abokan aiki suka gaji da ni.

Da sunaye suka yi yawa, mai babur ya yi ƙorafi ina wahalar da shi, yau Shabu, gobe Kwandere, jibi Shabu kuma. Na ga gaskiyarsa. Na zauna ina yanke layi daga nan ina manna shi can, ina cusa sababbi a tsakiya, har kowane ƙauye ya taru wuri guda. Ban san duk yankan da na yi ƙa'idar na tsinkewa tare da shi ba. Tunda ja na ta fitowa, sai na daina duba kwanan wata.

Wata Talata wani manomi daga Kwandere ya shigo riƙe da katin matarsa. Tana waje kan benci, ina jiyo tarinta.

"Oga, wata biyu matana bai sha magani ba," ya ce da tsintacciyar Hausarsa. "Ya ce ya warke. Na ce in bai warke ba, mai mashin zai zo. Bai zo ba."

Na nemo layinta. Fari fat. Na buɗe inda ƙa'idar take: guda ɗaya na rubuta, ga shi ta zama guntu-guntu, wannan ya rufe layi uku, wancan biyar, babu wanda ya kai nata.

Likita ya ce sai ta faro magani daga farko, wannan karon har da allura kullum. Da za su tafi, mijin ya tsaya bakin ƙofa, ba faɗa, ba komai.

"Oga, kwamfuta ne ya manta da shi?"

Na ce masa eh. Ya gyaɗa kai, har godiya ya yi mini. A ranar na gyara ƙa'idar cikin minti kaɗan. Amsar da na ba shi ce take ci min rai har yau.