Girish Mai Huji Biyu

Shekarar da zazzaɓin zinariya ya kama mutanenmu, ni ma bai bar ni ba. Na sayar da tumakina, na sayo jihaz a kasuwar Gadarif, wato na'urar nan mai faranti a ƙarshen sanda wadda ke kuka idan ta ji ƙarfe a ƙasa. Wata biyu ina yawo da ita a duwatsun Ƙala'at an-Nahal. Abin da na samo bai wuce ƙusoshi da gwangwanayen tumatir da haƙorin garmar tarakta guda ba. Matata ta ce da tumakin na ci gaba da kiwo, da yanzu sun haihu.

Don haushi, da na dawo gida sai na shiga da jihaz ɗin kufan tsohon ƙauyenmu. Can aka haife ni, kafin mutane su taso su dawo kusa da hanyar mota saboda ruwa. Yanzu wurin ya zama gonar wani attajiri ɗan ƙauyen, mai runfar hatsi a kasuwa, wanda rabin samarinmu a gonarsa suke ƙwadago. Rani ne, an gama girbi, ba wanda ya hana ni.

Ban yi nisa ba na'urar ta soma kuka. Na tona, sai ga tsohon girish, kuɗin ƙarfe irin manyan nan da aka daina karɓa tun ina yaro. Na matsa gaba na tono wani. Kafin azahar na tara goma sha ɗaya, kowanne a wurinsa daban. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne hujin. Na san kwabo mai huji a tsakiya, irin wanda kakanninmu suka zo da shi daga yamma a zare, wannan haka aka ƙera shi. Amma waɗannan huji biyu ne da su, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, kuma da gani ka san da ƙusa aka yi.

Ni da bakina ba ya riƙe magana, sai na kai su wurin mai jabana, inda maza ke shan gahawa da safe, na baje a kan benci ina alfahari. Wallahi da na san abin da zai biyo baya da na watsa su a rijiya. Wani ya ce ai ba a huda kuɗi sau biyu a binne a banza. Wani ya tuna cewa riɗin gonar nan shekara biyu ke nan yana lalacewa. Sai wani tsoho ya ce shi dai ya sha ganin mace guda tana tona a bayan ɗakunan mutane da ƙaramar fartanya, tun ana zaune a kufan. Kowa ya san wa yake nufi. Mahaifiyata yake nufi.

Inna ita ce ungozomar ƙauyen tun kafin a haife ni. Ko da aka buɗe ɗakin shan magani mata suka koma haihuwa can, ba a fasa aiko mata ta zo ta yi wa jariri wankan farko ba. Cikin mako guda aka daina. An yi haihuwa biyu a unguwarmu, ba wanda ya leƙo. Mai gonar kuma ya faɗa a gaban jama'a cewa yanzu ya gane wanda ya binne masa sammu. Da maganar ta zo kunnena na tashi zan je in same shi, sai da matata ta kama mini jallabiya har ta yage. Tsofaffin matan da suka san gaskiya kaɗan suka rage, su ma suka yi gum. Maganar haihuwa ba ta gaban maza ba ce, ga kuma 'ya'yansu suna ci a hannun mutumin.

Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne, ni kaina kwana biyu na yi ban nuna wa Inna sulallan ba. Na ji tsoron abin da za ta ce. Sai da ta tambaye ni dalilin da matar maƙwabcinmu ta wuce ta ba gaisuwa, sannan na zube su a tabarmarta na gaya mata komai.

Ta ɗauki ɗaya ta murza da babban yatsa, ta daɗe tana dubawa. Ba ta yi fushi ba, dariya ma ta yi, ta ce maza dai ba su san ta inda suka fito ba. Ta ce in ɗauko mata mayafi da sanda.

Muka sami mai gonar bayan la'asar a runfar ƙofar gidansa, shi da mutane kusan goma. Inna ta yi sallama, ta zauna a gefen tabarma, ta jera sulallan, ta sa ni in faɗi inda na tono kowanne. Na ce wannan kusa da bakin kwari. Ta ce ɗakin wance ne, ta faɗi ɗan da aka haifa a ciki. Na ce wannan gabas da tsohuwar rijiya. Ta faɗi mai shi, ga shi kuwa zaune a wurin, furfura ta cika masa gemu.

Sannan ta yi musu bayani, a hankali, kamar mai koya wa yara alwala. Idan jariri ya zo da cibi, wato cibiyarsa ta turo waje, takan samo girish mai faɗi ta huda shi gefe biyu, ta naɗe shi da auduga, ta zura zare ta ɗaura a cikin yaron don ya danne. Huji ɗaya ba ya yi, sulen juyawa yake. Idan cibiya ta kwanta, ba a ɗaura wa wani yaro shi, ba a kuma kai shi kasuwa. Sai ta binne shi a bayan ɗakin uwar, inda aka binne mabiyiyar yaron.

Saura ɗaya. Na ce wannan a gindin aduwa na same shi, tsakiyar gonar. Ta tura shi gaban mai gonar da sandarta.

"Wannan naka ne, ɗana. Cibinka ya kai ƙwan zabo. Wata huɗu ina zuwa kullum ina gyara maka zaren, uwarka tana kuka wai za a riƙa yi maka dariya. Ɗaga rigarka mutane su ga ko aikina ya yi kyau."

Bai ɗaga ba. Amma duk mun ga hannunsa ya tafi kan cikinsa da kansa. Wani ya fashe da dariya, sauran suka bi, har da tsohon nan mai maganar fartanya. Shi kam kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce riɗinsa kuma ya tambayi tsutsa da ruwan sama, ita ba ta da hannu a ciki.

Ni a ranar, wallahi, ji na yi na fi kowa tsawo a ƙauyen. Muna tafiya gida ina riƙe da hannunta, ina so duk wanda ke kan hanya ya san wannan tsohuwar ita ta haife ni. 'Yar ƙanwata da ke aikin jinya ta ce mini daga baya ai cibi da kansa yake komawa, ko an ɗaura ko ba a ɗaura ba. Na ce ta je ta faɗa wa kakarta. Har yau ba ta je ba.

Bayan kamar sati uku matar ɗan mai gonar ta haihu. Bai aiko yaro ba, bai aiko mace ba. Shi da kansa ya zo da hantsi, ya bar motarsa a bakin hanya, ya tako, ya cire takalmi a ƙofar gidanmu. Inna tana tsince wake a faifai. Ya durƙusa ya ce an samu ƙaruwa, ana jiran ta ta zo ta yi wankan. Ta yi masa barka, ta tambayi lafiyar mai jego, ta ci gaba da tsintar wakenta. Yana nan durƙushe a rana, mutanen unguwa suna wucewa suna gani, har ta tsince ƙwayar ƙarshe. Sannan ta miƙa masa faifan ta ce ya riƙe mata ta tashi.